Kira ga Ma'aikatar Noma ta Jihar Kano kan tokar buntu da noman gamba

Muna kawo ƙoƙon bararmu gare ku, ranku ya daɗe, kan wata dukiya da ke ƙonewa a banza.

Duk wanda ya ratsa Kura da rani ya ga tulin buntun shinkafa a bayan injinan casa, wuta na cinsa a hankali, hayaƙi na shiga gidajen mutane. Tokar da ke saura a wurin, fiye da kashi 80 cikin 100 nata silika ce, sinadarin da dangin ciyawa ke zuƙa daga ƙasa su ƙarfafa karansu. Shi ke sa ganyen gamba kaifi har ya yanki hannun mai yankan zana. Ciyawar da ta samu isasshensa ba ta saurin kwanciya idan iska ta taso, tsutsar kara na shan wuyar huda ta, tana kuma daɗa jure fari. Manoman shinkafa a Japan sun fara zuba takin silikon tun shekarun 1950.

Roƙonmu shi ne a gwada wannan toka a kan gamba da ciyawar giwa, masu wuce tsawon mutum, domin a sami abin da za a matse a yi curin makamashi ko a ruɓar a sami iskar gas. Kun fi mu sanin yadda kuɗin gawayi da itace ke cin aljihun magidanci, da yadda dazuzzuka ke ƙarewa.

Sai dai muna roƙon a yi hattara, kada a yi gaggawar ba da kwangilar shigo da takin silikon daga waje. Abin yana da nasa cikas. Silikar da ke tsayar da kara ita ce ke ƙara yawan toka idan an ƙona ciyawar, har ta daskare a cikin murhun inji. Ga makiyayi kuma, ciyawar da ta cika silika tana wuyar narkewa a cikin saniya. Ke nan fegin harawa daban, fegin makamashi daban, kowanne da ma'auninsa, kuma babu mai faɗin ma'aunin nan daga ofis.

Masu iya aikin ba su da nisa. Ga cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika, ga ta binciken noma a Samaru, ga malaman gona na KNARDA. A ware musu 'yan filaye marasa ƙarfi, ba gonakin gero da dawa ba, su yi gwajin damina uku, a auna nauyin ciyawar da tokar da take bari, sannan a bayyana sakamakon da Hausa a rediyo. Kafin nan, a umarci masu injinan casa su riƙa tara tokar a ƙarƙashin rumfa maimakon barin ruwa ya wanke ta zuwa kwata.

Allah ya yi muku jagora.