Allura a Ɓoye: Kukan Ɗalibai Masu Ciwon Sukari

A shafukan wannan mujalla an sha tattauna matsalar ruwa da ta wutar lantarki, da tsadar kuɗin makaranta, da cunkoson ɗakunan kwana, kuma duka sun cancanci a tattauna su. Amma akwai wasu daga cikinku waɗanda ba a taɓa jin muryarsu ba, alhali kuwa kullum kuna zama kujera ɗaya da su a ɗakin lacca. Mu ne masu ciwon sukari. Ba ku cika gane mu ba, domin mun ƙware wajen ɓuya, kuma wannan ɓuyar ita ce maƙasudin rubutunmu. A ganinmu ta fi ciwon kansa haɗari a gare mu, kuma zaman da muke yi da ku, da tsarin da makaranta ke tafiya a kai, su ne suka tilasta mana ita.

Bari mu fara kawar da wani tsohon zato. Mutane da yawa sun ɗauka ciwon sukari na dattawa ne masu tumbi, waɗanda daula ta yi wa yawa. Gaskiyar magana ciwon iri biyu ne manya. A bayan tumbin kowane mutum akwai wata 'yar halitta da likitoci ke kira fankiriyas, ita ke fitar da sinadarin insulin, wanda ke buɗe wa sukarin da ke cikin jini hanya ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. A nau'i na biyu, wanda ya fi yawa a duniya, sinadarin yana nan amma jiki ya daina jin maganarsa. A nau'i na ɗaya kuwa, wanda ya fi kama yara da samari, garkuwar jiki ce da kanta take lalata wurin da ake yin sinadarin, har ya ƙare ƙaf. Mai irin wannan bai jawo wa kansa da shan zaƙi ba, ba ya kuma shafa wa kowa ko da a kwano ɗaya aka ci abinci da shi. Abin da ya rage masa shi ne allurar insulin, sau biyu zuwa huɗu a kowace rana, har iyakar ransa.

Kafin shekarar 1921 wanda wannan nau'i ya kama ba ya daɗewa a duniya. A shekarar ne Frederick Banting da Charles Best suka tace sinadarin a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, kuma a watan Janairu na 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa, ya farfaɗo. Abin da ya kamata ya burge mu shi ne, Best ɗalibi ne a lokacin, ɗan shekara 22, wato tsararmu. Shekara ɗari bayan haka, a 2021, Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta manya miliyan 537 ke ɗauke da ciwon, miliyan 24 daga cikinsu a yankin Afirka, inda fiye da rabi ba su ma san suna da shi ba. To, idan haka lamarin yake a waje, ai babu dalilin da zai sa ƙofar jami'a ta tace shi.

Mai allurar insulin bawan agogo ne. Idan ya yi allura dole abinci ya biyo baya a kan lokaci, kuma gwargwadon allurar. Ita kuwa jami'a ba ta san wannan ba. A sa lacca ƙarfe bakwai na safe, a ɗaga ta zuwa tara ba sanarwa, a haɗa ta da wata har azahar ta wuce, sannan a ce akwai gwaji nan take. Magabatanmu a 1978 sun fito zanga-zanga a faɗin ƙasar nan saboda an ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini, har aka rasa rayuka. Su a zamaninsu akwai ɗakin cin abinci mai lokaci sananne. An daina wannan tsari tun cikin shekarun 1980, yanzu kowa tasa ta fisshe shi. Abin da aljihun ɗalibi ke iya saye shi ne garin kwaki da sukari, da taliya, da burodi da shayi, da farar shinkafa da mai da yaji, wato dai jerin abubuwan da ke ɗaga sukarin jini da gaggawa. Likita ya ce a yawaita ganye da wake da kifi. Madalla da shawara, amma ba shi zai biya ba.

Sai maganar ajiya. Ƙa'idar insulin a ajiye shi a firji, sanyin maki 2 zuwa 8, wanda aka buɗe kuma a ƙarar da shi cikin kimanin mako huɗu. A watan Afrilu zafin garuruwanmu yana haura maki 40, wutar lantarki kuwa kun san halinta. Da yawanmu randa ce ta cece mu. Dabarar nan ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, an yi ta ne domin tumatir da alayyafo, amma tana yi wa maganinmu amfani. Wani bincike da Likitoci Marasa Iyaka suka yi tare da Jami'ar Janiba a sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, wanda aka buga a 2021, ya nuna insulin da aka buɗe yana riƙe ƙarfinsa mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin maki 25 da 37. Wannan ya kwantar mana da hankali ƙwarai. Sai dai ɗakin da mutum takwas ke kwana a ciki ba shi da lungun da za a ajiye randa ba a tambayi abin da ke cikinta ba.

Nan ne muka iso ga tushen maganar. Abin da ya fi ba mu tsoro a kullum shi ne faɗuwar sukari, wato ya sauka ƙasa da 70 a ma'aunin na'urar awo. Yakan faru idan allura ta fi abinci yawa, ko abinci ya yi jinkiri, ko an yi doguwar tafiya a rana. Da farko hannu zai kama rawa, gumi ya karyo, zuciya ta riƙa bugawa, yunwa ta taso kamar an yi kwana biyu ba a ci ba. Idan ba a tare shi ba sai magana ta harɗe, mutum ya yi ta tangaɗi, ya fusata ba dalili, wani lokaci ya faɗi yana shure-shure. Ku duba wannan siffa da kyau, ku faɗi gaskiya: idan kuka ga saurayi a haka me za ku ce? Za ku ce ya sha ya bugu. Idan budurwa ce a ɗakin kwanan mata, nan da nan za a ce iska ce ta taɓa ta, a danne ta, a kira mai ruƙiyya, a yi ta tofi ana yayyafa ruwa, minti yana bin minti, ƙwaƙwalwarta tana neman abin da cokali uku na sukari zai ba ta. Ba mu raina addu'a ba, mu ma da ita muka dogara. Amma a yi ta ana dama sukarin.

Maganin kuwa ba shi da wuya ko kaɗan. Muddin mutum yana iya haɗiya, a ba shi cokalin shayi uku ko huɗu na sukari a ruwa, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, a jira minti 15, idan bai dawo daidai ba a ƙara, sannan a bi shi da abinci mai riƙe ciki. Idan ya suma kada a ɗura masa komai a baki, domin zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti, a gaya wa ma'aikata yana da ciwon sukari. To, amma wa zai faɗi haka idan babu wanda ya sani?

Za ku ce laifinmu ne da muke ɓoyewa. Ku saurari dalili. Tun da aka fallasa yadda matasa ke shan maganin tari mai kodin, har gwamnati ta hana shigo da shi da sarrafa shi a 2018, idon kowa ya buɗe a kan 'yan ƙwaya, kuma hakan daidai ne. Amma sakamakonsa a kanmu shi ne duk wanda aka gani da sirinji ya zama abin zargi. Shi ya sa za ka tarar da ɗalibi yana soka wa cikinsa allura a banɗaki, wurin da ya fi ko'ina ƙazanta a makaranta, ko kuwa ya tsallake allurar rana gaba ɗaya don kada a gani. 'Yan'uwanmu mata nasu ya fi nauyi. Tun daga gida ake ja musu kunne kada su bari kowa ya ji, don kada manema su gudu, ko dangin miji su ce an kawo musu majinyaciya wadda ba za ta haihu ba. Alhali mace mai wannan ciwo tana ɗaukar ciki ta haihu lafiya idan ta sami kulawar likita. Akwai kuma wani abu da ya fi zargi ciwo, shi ne tausayin da ya wuce kima. Da zarar an sani, sai a daina kiranka wasan ƙwallo, a riƙa leƙa kwanonka, kowa ya zama likita: wannan ya ce shuwaka, wancan ya ce zogale, wani ya kawo labarin mai magani da lasifika a tasha wanda ke warkar da shi cikin mako biyu. Mai nau'i na ɗaya da ya ajiye allura ya bi wannan shawara, cikin 'yan kwanaki jininsa zai gurɓace da guba, ya kama amai da numfashi sama-sama, kuma daga nan sai abin da Allah ya yi.

Ba a cika maganar gajiyar zuciya ba, ita ce kuwa abokiyar zamanmu. Ciwon nan ba shi da hutun ƙarshen zango. Kafin ka ci ka yi lissafi, kafin ka kwanta ka yi lissafi, ka farka tsakar dare kana tunanin ko gumin nan na zafi ne ko na faɗuwar sukari. Bincike ya daɗe da tabbatar da cewa masu ciwon sukari sun ninka sauran mutane wajen kamuwa da ciwon damuwa. A kan wannan sai ka ɗora kuɗi. Insulin daga waje ake shigo da shi, saboda haka da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023 farashinsa ya tashi, haka ma 'yan tsinken awon jini. Ɗalibin da ya san mahaifinsa ya sayar da hatsi kafin ya aiko masa da kuɗin magani, kunya takan hana shi sake tambaya, sai ya riƙa rage allura don kwalba ta kai ƙarshen wata. Illar hakan ba ta bayyana yau, sai bayan shekaru, a ido da ƙoda da ƙafa.

Watan azumi kuma jarrabawa ce ta daban. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame, malamai da likitoci sun haɗu a kan cewa mai nau'i na ɗaya yana cikin waɗanda azumi ke iya jefawa cikin haɗari, kuma wanda ya ɗauka, idan sukarinsa ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ya karya nan take. Amma wane saurayi ne zai iya cin abinci da rana a ɗakin da kowa ke azumi, ba tare da an yi masa kallon fasiƙi ba? A 2023 da 2024 azumi ya faɗo cikin Maris da Afrilu, tsakiyar bazara, kuma wasunmu sun ɗauka saboda tsoron bakin mutane kawai. Muna roƙon limaman masallatanmu na makaranta su faɗi wannan hukunci a fili kafin watan ya kama, domin kalma ɗaya daga mumbari ta fi takardar likita goma tasiri a kunnen abokan ɗaki.

Kada a ɗauka muna neman a sassauta mana karatu. Nacho Fernandez an gano yana da nau'i na ɗaya tun yana ɗan shekara 12, kuma shi ne kyaftin ɗin Real Madrid da ya ɗaga kofin zakarun Turai a 2024. Wanda ya iya wannan, digiri ba zai gagari irinsa ba. Abin da muke nema wajen shugabannin ƙungiyarmu kaɗan ne. Su tsaya a rubuta cikin dokar jarrabawa cewa ɗalibin da ke da shaidar likita zai shiga da na'urar awonsa da ɗan abin zaƙi, don kada mai gadin jarrabawa ya ɗauki na'urar a matsayin kayan satar amsa, kuma a mayar masa da mintocin da ya ɓata idan sukarinsa ya faɗi. Su nemi a keɓe wuri a firjin asibitin makaranta, wanda za a iya isa gare shi dare da rana. Kuɗin inshorar lafiya da kowane ɗalibi ke biya wajen rajista, su tambaya a gaya mana dalla-dalla abin da ya ƙunsa game da insulin da tsinken awo. Ranar 14 ga Nuwamba, ranar haihuwar Banting, ita ce ranar ciwon sukari ta duniya. Ɗalibanmu na sashen likitanci za su iya kafa tebur a bakin ɗakin karatu su auna jinin duk mai so, su koya wa shugabannin ɗakunan kwana alamun faɗuwar sukari.

Ku kuma 'yan'uwanmu da muke ɗauke da wannan lalura tare, mun san ba abu ne mai sauƙi ba, amma kowannenmu ya zaɓi mutum ɗaya a ɗakinsa da mutum ɗaya a ajinsa, masu riƙon amana, ya zaunar da su ya yi musu bayani tun kafin jarrabawar wannan zango ta zo. Ya nuna musu aljihun jakar da yake ajiye sukarinsa, ya kuma rubuta musu lambar wayar wanda za a kira a gida.