A daina gina gidajen kaso

A shekarar 1999, fursunoni 29 suka mutu a gidan kason Yamai, bayan an cunkusa su cikin wani ɗan ɗaki marar iska. Babu alƙalin da ya yanke musu hukuncin kisa. Ginin da kansa ya zartar da shi.

Wannan irin gini Nasara ya kawo mana shi, tare da dokar andijana wadda ta ba kumandan ikon rufe talaka har kwana 15 ba tare da shari'a ba. Manomin Matankari da ya kasa biyan lanho, ko ya guje wa aikin dole, ya san inda za a kai shi. An soke dokar a 1946, amma katangar tana nan, kuma har gobe can Dogondutsi ake kai ɗan Arewa.

Masanin nan na Faransa, Mishel Fuko, ya nuna a littafinsa na 1975 cewa tsarin ginin kaso shi ne makamin mulki: doguwar katanga, mai gadi yana ganin kowa, kowa na zaton ana kallonsa. A ƙasarmu an ƙara da cunkoso da zafin bazara. Da yawa daga cikin waɗanda ke ciki ko gaban alƙali ba su kai ba. Saurayi ya shiga kan akuya ɗaya, ya rasa damina biyu, ya fito ya ƙware a sata. Mai akuya kuwa ko igiya bai samu ba.

Za a ce mana tsaro. To, Kutukale, wanda ake taƙama da ƙarfinsa, fursunoni sun tsere daga cikinsa a watan Yulin 2024.

Matsayinmu a fili yake. A tsayar da gina sababbin gidajen kaso. A saki wanda ya daɗe yana jiran shari'a. Ƙananan laifuka a maida su ga sulhu da biyan diyya gaban hakimai da dattawa, a kuma yi aiki da dokar 2017 ta aikin amfanin jama'a. Mai kisa sai a tsare shi, amma a wurin da ɗan Adam zai iya numfashi. Daga nan sai a bi sauran katangun ɗaya bayan ɗaya, a rushe.