Tafinta Tsakanin Kaka da Jika

Kowace damina, cikin Yuli da Agusta, ƴan'uwanmu mazauna Faransa da Beljiyam sukan sauka Yamai, su kamo hanyar Tawa, Maraɗi ko Damagaram, akwatuna cike da tsaraba. Madalla da zumunci! Amma na ga abin takaici: tsohuwa ta rungume jikanta tana kiransa "mai gidana", yaro ya waiwayi uwarsa yana neman fassara. Wace irin ziyara ce wannan, da sai an sa tafinta tsakanin jini da jini?

Iyaye sukan ɗora wa lakkwal ɗin can laifi. Ba mu yarda ba! Lakkwal ba ta kwana da yaro. Su ne suka daina yi masa Hausa a ɗaki, wai kada ya rikice, alhali ɗan tallan kasuwar Yamai yana juya Hausa da Zabarmanci da Faransanci bai rikice ba. A 2025 Nijar ta ɗaukaka Hausa zuwa harshen ƙasa. Ashe a gidan Bahaushe za a ƙasƙantar da ita?

Malamai da ƙungiyoyi, mu buɗe wa baƙin nan zauren tatsuniya lokacin hutu. Turare yana ƙarewa, atamfa tana koɗewa, kaka kuwa ba kullum za a tarar da ita ba.