Ramin Kanwa Na Duwatsun Tibesti

'Yan'uwana mata, kullum muna jefa kanwa a tukunyar wake, amma mu nawa muka san akwai ramin da ƙasansa ke shimfiɗe da kanwa? Yana can arewacin Chadi, cikin duwatsun Tibesti, tsakiyar Sahara. Dutse mai aman wuta ne ya bar shi. Faɗinsa kilomita 6 zuwa 8, zurfinsa kusan mita 1,000. A da tafki ne, yau ya ƙafe, sai kanwa fara fat.

Irin wannan ake koyarwa a darasin labarin ƙasa. Saboda haka iyaye mata, kada ku ce ba ruwan 'ya mace da shi. Ku sauke mata talla ta tafi aji. Ku kuwa 'yanmata, ku buɗe taswira ku nemo Tibesti.