Na'urar gano bam ta gaskiya da ta bogi: abin da ya raba su

A watan Mayun 2013 wata kotu a Landan ta ɗaure wani ɗan kasuwa, James McCormick, shekara 10 saboda ya sayar wa gwamnatoci na'urar gano bama-bamai wadda babu komai a cikinta. Sunanta ADE 651. Mariƙi ne na roba da eriya mai juyawa, an kwaikwayo ta daga wani abin wasa na neman ƙwallon golf da kuɗinsa bai wuce dala 20 ba. Iraƙi ta zuba mata miliyoyin daloli, Nijar ma tana cikin ƙasashen da aka ambata sun saya. Jami'an tsaro suka yi ta tsayawa da ita a shingayen Bagadaza, har sai da harin unguwar Karrada na Yulin 2016 ya kashe mutum sama da 300, sannan firaminista Haider al-Abadi ya ba da umarnin a janye ta. A ƙasar nan ta Iraƙi, sojojin Amurka sun riƙe wata na'ura mai suna Fido wadda take sansano ƙurar sinadarin bam na TNT da gaske. Mai saye da ya ga biyun a kan tebur ba zai iya bambance su da ido ba. Abin da ya raba su shi ne shekarun da wani malamin jami'a ya yi yana bin tambaya ɗaya, yana buga abin da ya gano a fili don abokan sana'arsa su gwada su ƙaryata shi in za su iya. Ra'ayina shi ne wannan haƙuri ba kayan ado ba ne na ƙasashe masu kuɗi, kuma ƙasar da ta ƙi biyan kuɗinsa tana biyan wanda ya fi shi ta wata hanya.

Malamin shi ne Timothy Swager, masanin sinadarai ɗan jihar Montana. Ya yi digirin farko a jami'ar jiharsu a 1983, ya gama digirin digirgir a Caltech a 1988 a hannun Robert Grubbs, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel a 2005. Ya fara koyarwa a Jami'ar Pennsylvania a 1990, ya koma MIT a 1996. Bai fara da maganar bam ba. Abin da ya dame shi shi ne wasu sinadarai masu siffar doguwar sarƙa, dangin roba, waɗanda ake kira folima, musamman irin da lantarki ke iya gudu a jikinsu. A 1995 shi da ɗalibinsa Qin Zhou suka nuna wani abu mai sauƙin faɗi. Idan ka haska irin wannan sarƙa, ƙarfin hasken ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana yawo a tsawonta kafin ya fito a matsayin ƙyalli. To in ƙwayar wani baƙon sinadari guda ɗaya tak ta maƙale a wani gurbi, sai ta haɗiye ƙarfin da ya biyo ta wajen, ƙyallin dogon yanki ya mutu. Kamar wayar wutar unguwa ce, a tsinke ta a turke ɗaya layi gaba ɗaya ya yi duhu. Ƙwaya ɗaya ta yi aikin da dā sai ƙwayoyi masu yawa, abin da ya yi kaɗan a gani ya zama abin aunawa.

Daga nan zuwa na'ura akwai tafiya. Sarƙoƙin in an shimfiɗa su a kan gilashi sukan manne da juna su kashe ƙyallin kansu. Sai a 1998 Swager da Jye-Shane Yang suka dasa wa sarƙar wasu ƙwayoyi masu tauri da fukafukai, waɗanda suka hana mannewar, suka kuma bar ƙananan ramuka da tururin TNT zai shige. Hukumar binciken soja ta Amurka, DARPA, tana da wani shiri a lokacin na neman na'urar da za ta yi aikin hancin kare wajen gano nakiyoyin da aka binne. Wani ƙaramin kamfani a Oklahoma, Nomadics, ya karɓi lasisin wannan folima ya gina Fido a kanta. Sai a tsakiyar shekarun 2000 ta shiga hannun sojoji a Iraƙi da Afganistan, a 2007 kuma Swager ya karɓi kyautar Lemelson-MIT ta dala 500,000. Wato kusan shekara goma tsakanin takardar farko da filin daga. A shekarun farko na wannan tafiya, duk kwamitin da zai tambaye shi me ya ƙera ba zai sami amsar da za ta gamsar da shi ba.

Bayan haka Swager ya juya ga bututun kabon, waɗanda Sumio Iijima ya bayyana a Japan a 1991. Faɗin irin mai bango ɗaya bai wuce nanomita ɗaya ko biyu ba, alhali gashin kai yana kai dubun-dubatar nanomita. Amfaninsu ga mai aunawa shi ne bangon bututun kaurin ƙwayar zarra ɗaya ne, saboda haka duk jikinsa fata ce, duk abin da ya taɓa shi sai ya sauya yadda lantarki ke wucewa. Matsalar kuwa ita ce komai yana taɓa shi. Aikin masanin sinadarai a nan shi ne ya liƙa masa wata ƙwaya mai zaɓe, wadda za ta kama abin da ake nema ta ƙyale saura. A 2012 ɗakin gwajinsa ya haɗa bututun da wani sinadarin tagulla don gano etilin, iskar da 'ya'yan itace ke fitarwa idan sun fara nuna. A shekarar kuma Katherine Mirica, mai bincike a ɗakin gwajinsa, ta matse garin bututun ya zama kamar bakin fensir, aka ja layi a kan takarda, layin ya zama ma'aunin amoniya. A 2014 suka gyara irin ɗan guntun katin nan da waya ke karantawa ba tare da an jona komai ba, ya zama mai sansano iska. A 2015 suka nuna wanda ke gane nama ya fara ruɓewa daga iskar da yake fitarwa.

Mai suka zai ce, kuma da gaskiyarsa, ina waɗannan abubuwa a kasuwa? Ana buga takardu barkatai kowace shekara a kan na'urorin sansano na nano, amma ƙalilan ne ke fita daga ɗakin gwaji. Laima tana ruɗa su, zafi yana karkatar da ma'auninsu, suna tsufa da wuri, guda biyu da aka yi rana ɗaya ba lalle su ba da amsa ɗaya ba. Fido ma ba ta tsira ba, domin folimar farko ta fi jin dangin TNT, wasu abubuwan fashewa kamar RDX kusan ba sa fitar da tururi, bam ɗin da aka haɗa da takin zamani kuwa wani lissafi ne daban. Na yarda da wannan duka. Sai dai mu lura daga ina muka san waɗannan nakasu: daga takardun masu binciken ne da kansu. Ma'aunin etilin na 2012 iskar shaƙa tana lalata tagullarsa a hankali. Ɗakin gwajin ya koma kan matsalar, a 2020 ya fito da wani da ya dogara da faladiyam, mai iya gano kashi 15 cikin biliyan. Shekara takwas a kan iska ɗaya. Na'urar da ke faɗa maka inda ba ta aiki ita ce abin amincewa. McCormick ya ce tasa tana gano komai, daga bam har hauren giwa, har daga jirgin sama.

Wani zai ce ai kuɗin soja ne ya ɗauki nauyin aikin, mu kuwa ba mu da DARPA. Gaskiya ne kuɗin soja ya hanzarta Fido, amma tunanin ya riga kuɗin zuwa. Da babu takardar 1995 da ba a sami abin da za a saya ba. Kuma ilimin da aka tara a kan bam shi ne ya koma kan ayaba da nama.

Suka mafi ƙarfi ita ce ta masu cewa talaka ba ya ƙera abin da zai iya saye, a bar Amurka ta yi bincike mu sayi na'ura. Ba na cewa kowace jami'a a Kano ko Zariya ko Yamai ta kafa masana'antar bututun kabon. Amma saye ma ilimi yake buƙata, kuma Zamfara ta nuna mana haka. A 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ƙaramar na'urar auna dalma a jini da aka kawo tana tsayawa ne a maikirogiram 65 a kowace desilita. Yara da yawa jininsu ya wuce nan, na'urar ba ta iya ba da adadi, sai dai ta nuna ya yi sama. Sai da masana suka tsara hanyar sirka jinin a fili suka tabbatar da ingancinta kafin likitoci su san ainihin yawan gubar da ke jikin kowane yaro. Na'urar ba ta bogi ba ce, an dai ƙera ta ne don ƙasar da ba a zaton ganin irin wannan adadi. Haka duk wani ma'aunin iska da aka daidaita a ɗaki mai sanyi a Massachusetts zai gamu da ƙurar hunturu da zafin Afrilu da laimar Agusta, kuma babu wanda zai auna mana wannan sai masanin sinadarai da ke zaune a nan. Tambayoyinmu ma daban suke. Mangwaro da ayabar da ake nunar da su da kabaid, da waken da Tarayyar Turai ta hana shiga ƙasashenta a 2015 saboda ragowar maganin ƙwari na dikulobos, wanda ake zubawa a buhu don kada ya yi ƙwari, ba su ne ke hana malaman MIT barci ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda muke auna malamanmu. Ƙarin girma a jami'o'inmu ya rataya ne a kan ƙidayar takardu, saboda haka matashin malami mai wayo zai yanka aiki ɗaya gida biyar, ya sauya maudu'i duk shekara, ya guji duk tambayar da amsarta za ta ɗauki lokaci. Ba a ga laifinsa ba, yana da iyali. Amma da wannan ma'auni, mutumin da ya yi shekara uku yana neman hanyar hana sarƙoƙi mannewa da juna zai zama cima-zaune a idon kwamiti. Tallafin shekara ɗaya ko biyu yakan ƙare daidai lokacin da aka gama sayen kayan aiki aka horar da ɗalibin farko.

Kirana ga asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund da majalisun jami'o'inmu shi ne su ware wani kaso na kuɗin bincike ga ƙungiyoyi kaɗan na masana sinadarai, a ba su shekara biyar zuwa goma a kan tambaya ɗaya, a biya wutar ɗakin gwajinsu da gyaran injinansu, a kuma lissafa musu rahoton gwajin da ya nuna na'ura ba ta aiki daidai da takardar da ta yi nasara. Hukumomin tsaro da NAFDAC kuma kada su sa hannu a kan sayen kowace na'urar ganowa sai wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a cikin ƙasa ya jarraba ta a makance, wanda ke riƙe da ita bai san akwatin da aka ɓoye abin ba, an kuma buga sakamakon kowa ya gani.