Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Hukumar NUPRC Mai Kula da Haƙar Mai kan Tafkin Kainji

Zuwa ga Shugaban Hukuma,

 

Tun da aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani a 2022, ake ta maganar neman mai a kwarin Sakkwato da na Bida. Mu mutanen Yauri, Ngaski da Shanga muna tsakaninsu, kuma hankalinmu bai kwanta ba.

Tafkin Kainji shi ne gonarmu. Basarke na fita da asuba ya dawo da ƙarfasa da warangi, mata su yi banda, a kai kasuwar Yauri. Idan mai ya malala, taru da kifi da fadamun shinkafa duk sun tafi. A 2011 mai ganga kusan 40,000 ya zube a teku daga filin mai na Bonga, masunta suka ɗanɗana kuɗarsu. Tafki kuwa ba shi da faɗin teku. Iyayenmu sun riga sun bar gidajensu saboda madatsar Kainji a 1968.

Haƙƙinku ne ku kare mu. Kada ku ba kowa lasisi kusa da tafkin sai an binciki illarsa ga muhalli, kamar yadda dokar 1992 ta tanada. A karanta mana sakamakon da Hausa, a gaban Masarautar Yauri da sarakunan ruwa. A kuma ajiye kuɗin diyya tun kafin a kafa injin.

Muna jiran amsarku.

Naku,
Wani ɗan ƙasar Yauri