Haddar 30 da 2 ba ta tayar da zuciya

1/ Jiya na tara sababbin likitocinmu, na tambaye su: idan zuciyar mutum ta tsaya, danna ƙirji sau nawa, hura iska sau nawa? Baki ɗaya suka ce 30 da 2. Madalla. Sai na shimfiɗa mutum-mutumin roba a ƙasa na ce to bismillah. Kowa ya koma kallon na kusa da shi.

2/ Ban ga laifinsu ba wallahi, ni ma haka aka yaye ni. Darena na farko a bakin aiki, wani dattijo ya daina numfashi. Na san komai a ka, amma gwiwar hannuna a lanƙwashe, katifa kawai nake ta lotsawa.

3/ Wata Sista da ta kusa haifata ce ta cusa katako a ƙarƙashin bayansa, ta ce "Likita, miƙe hannunka, sa nauyin jikinka, kar ka ji tsoron haƙarƙari." Shekara 6 a makaranta ba wanda ya taɓa kama hannuna ya nuna min haka.

4/ Abin fa aikin jiki ne. Dannawa 100 zuwa 120 a minti ɗaya, zurfin santimita 5 zuwa 6, kana barin ƙirjin ya dawo kowane karo. Cikin minti 2 ƙarfinka ya ragu ko ba ka sani ba, shi ya sa ake karɓa-karɓa. Ta yaya allo zai koya maka wannan?

5/ Ga kuma ɗabi'armu ta "a kira oga". A kira shi mana, amma hannu na kan ƙirji. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 idan jini bai kai mata ba. Kafin oga ya nemo takalminsa an wuce nan.

6/ Ra'ayina: kar a bar wa sabon likita ɗakin marasa lafiya da dare sai ya gwada a gaban malami, ya danna, ya riƙe ambu, ya kunna AED da hannunsa. Kuma a riƙa maimaitawa, don hannu na mantuwa cikin watanni.

7/ Za a ce babu kayan aiki. Namu mutum-mutumin ɗaya ne tal, ya fi shekara a kulle a sito wai kar ya lalace. Sai da na yi sati 3 ina bin mabuɗin.